Laftof ɗin Baba Bayan Azahar

Wata Talata cikin bazara, ina ofis ina fama da fankar da iska mai zafi kawai take juyawa, Baba ya kira ni. Ba al'adarsa ba ce ya kira mutum a lokacin aiki, domin a wurinsa duk wayar da aka yi wa ma'aikaci kafin a tashi zaluntar gwamnati ce. Saboda haka na ɗauka da sauri.

"Auta," ya ce, "kwamfutar nan ta yi barci ta farka, amma hannuwanta ba su farka ba."

Na ce ya yi mini bayani.

"Na rufe ta na tafi masallaci. Na dawo na buɗe, fuskarta ta kawo haske, ga rubutuna ina kallo. Na danna harafi, shiru. Na shafa wurin shafawar nan, 'yar kibiyar ko gezau."

Na ce ya kashe ya kunna. Ya ce ya yi har sau biyu, kuma ba ya bukatar 'yar da ya haifa ta koya masa wannan.

Baba ya yi aiki a ma'aikatar ayyuka tun yana mai buga tafireta har ya yi ritaya yana sakatare. Da yatsu goma yake bugu, ba ya kuma kallon haruffa. Tun da Mama ta rasu, shekara biyu ke nan a lokacin, shi kaɗai yake zaune a gidanmu na Unguwar Dosa, ni nake aika masa da abinci daga Kurmin Mashi inda nake aure. Laftof ɗin Yaya ne ya saya masa, babban wanmu da ke Abuja, don ya sami abin rage zaman shiru. Baba kuwa ya riƙe ta da gaske fiye da yadda aka zata. Shi ne sakataren kwamitin masallacin layinsu, kuma taron mutum shida sai ya mayar da shi takarda mai shafi huɗu, kowa da kwafinsa. A kwanakin nan wasiƙa yake haɗawa zuwa ƙaramar hukuma kan kwalbatin da ya toshe a bakin layi, yana so ta isa kafin ruwa ya sauka.

Ni kuma tun ina ƙarama ba na iya barin abu ban ga cikinsa ba. Ina aji uku na sauko da agogon bangon falo na kwance shi da wuƙar yanka albasa, don in ga wanda ke tura hannun. Na sha duka a wurin Mama, agogon kuma bai sake tafiya ba, amma dai na gani. Don haka da Baba ya ajiye waya, in faɗi gaskiya, ba tausayinsa na fara ji ba. Daɗi na ji, an kawo mini abin bincike.

Da aka tashi na hau keke na nufi gidan. Na ƙwanƙwasa get, na yi sallama. Daga ciki ya amsa ya ce yana zuwa, ya ɗan ɗauki lokaci kamar yadda ya saba, sannan ya zo ya zare sakata. Laftof ɗin tana kan teburin cin abinci, inda na san yana aiki. Na buɗe ta, na danna harafi, ya fito. Na shafa yatsa, kibiya ta bi ni har kusurwa. Na rufe, na jira, na buɗe, lafiya lau. Baba ya tsaya a kaina yana hararar ta yadda uwa ke hararar yaron da zazzaɓinsa ya sauka da an iso ƙofar asibiti.

"Ɗazu ba haka take ba," ya ce.

Na ce na yarda. A ranar da gaske na yarda.

Washegari ya sake kira, haka ma ranar da ta biyo. Na fara tambayarsa dalla-dalla, shi kuma tsohon sakatare ne, amsarsa a tsare take. Da safe yakan yi aiki tun daga hantsi ba matsala. Da an kira Azahar sai ya rufe ta ya tafi. In ya dawo ya ci abinci ya buɗe, sai ta ƙi. In ya haƙura ya bar ta har yamma, sai ta dawo da kanta. Ranar da bai rufe ta ba fa? Ya ce ba ya barin abin aiki a buɗe ya fita, ko tafireta sai ya rufa mata mayafinta.

Na shiga karance-karance a waya. Ashe mutane da yawa a duniya suna kuka da irin wannan, kowa kuma da maganinsa. Wasu suka ce kwamfuta takan yanke wa maɓallanta wuta in ta yi barci don tattalin batir, sai ta manta ta mayar. Na shiga saiti na hana ta yanke wa kowa komai. Wasu suka ce a sabunta manhajarta. Na sabunta, datata ta wata guda ta tafi a zama ɗaya. Na saita ta kada ta yi barci ko an rufe, sai Baba ya dawo daga masallaci ya tarar ta yi zafi kamar dutsen guga, batir ya ƙare, ya ce in mayar masa da ita yadda take. Na kai masa maus na waje mai igiya, abin tura kibiya. Ya kira ya ce wannan yana aiki, kibiya tana yawo, amma me zai yi da kibiya ba haruffa?

Rannan ne ya ƙara wani abu. Ya ce in ta ƙi ɗin, wani lokaci in ya taɓa gilashin sai wasu haruffa su fito a jikinsa, a jere, suna jiran a danna su.

"Ka gwada bugawa da su, Baba?"

"Da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsattsagar hatsi? Allah ya kiyaye."

Na yi dariya, na kuma yi kuskuren ba Yaya labarin a waya ina dariyar. Shi bai yi dariya ba.

"Haruffa a jikin gilashi," ya maimaita. "Auta, ke kin taɓa ganin ta ƙi da idonki?"

Na ce ban taɓa ba.

"Sau nawa kika je?"

Na ce ya kai biyar.

Sai ya fara jero mini abubuwa. Da ƙaramar salla Baba ya kira 'yar Yaya da sunan 'yata. Watan jiya ya bar butar shayi a kan wuta har ta ƙone. Ya nemi makullin get kwana biyu alhali yana aljihun rigar da ya cire. Duk na san da su, kuma duk na taɓa yin irinsu ni da ban kai arba'in ba, amma da Yaya ya ɗora su ɗaya kan ɗaya sai suka yi nauyi. Ya ce mutumin da ya kai shekarun Baba bai kamata ya zauna shi kaɗai ba. Ya ce ranar Asabar ta sama zai zo ya tafi da shi Abuja, a yi masa cekof a asibiti, ya huta kwana biyu a wurinsu. Ni da shi duka mun san irin wannan kwana biyun. Za a kulle gidan Unguwar Dosa, a ba maƙwabci makulli, shi ke nan.

Na ce ya ba ni zuwa Asabar ɗin. Ya ce ya ba ni, amma in daina biye wa son zuciyata.

Na ɗauki laftof ɗin na kai wa wani mai gyara a Hayin Banki, Bakatsine, dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya riƙe ta kwana biyu. Da na koma ya miƙo mini ita da hannu bibbiyu.

"Hajiya, lahiyatta lau. Na sa ta barci na tashe ta ya fi sau ashirin. Na buɗe cikinta, ba ruwa, ba ƙura, igiyoyi duk suna zaune. Ni dai ban ga komi ba." Sannan ya sassauta murya. "Tsohon, shekarunshi nawa?"

Tambayar ta soke ni, don ita ce nake ta gudu. Maimakon in amsa sai na kama wata magana. Na ga ya lanƙwasa murfin baya sosai yana goge shi, na ce kada ya karya mana. Ya yi dariya ya ce ai irin wannan haka aka yi ta, ana naɗe ta gaba ɗaya ta koma kamar faranti, a riƙa taɓa gilashin da yatsa. Ya naɗe ta a gabana, ya juyo, ya danna maɓallan da ke ƙasa yanzu. Babu wanda ya amsa.

"In an naɗe ta, da kanta take kashe su, don kada cinyar mutum ta yi ta rubutu," ya ce. Sannan ya taɓa gilashin, sai ga haruffa sun fito a jere.

Ga haruffan Baba, waɗanda na yi wa dariya, waɗanda Yaya ya ɗauka alamar ruɗewa. Na tambayi mai gyaran yadda take sanin an naɗe ta, tunda ba ido gare ta ba. Na ga tambayar ta yi masa daɗi. Ya ɗauko wani ɗan ƙaramin noti na ƙarfe ya kai gefen murfin, notin ya maƙale ya tsaya.

"Mayen ƙarfe ne a nan. A gindinta kuma akwai abin da ke jin shi. In murfi ya zagayo ya zo ƙarƙashi, ta ji mayen ƙarfe kusa, sai ta ce an naɗe ni."

"In wani mayen ƙarfen ne daban ya zo ƙarƙashinta fa?"

Ya sauko da tabarau na biyu ya dube ni. "To mi ta sani? Sai ta ce an naɗe ta."

Tun a cikin keke na kira Yaya ina ɗoki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce wannan ai ya fi muni, ke nan Baba da kansa yake naɗe ta ya manta ya naɗe. Maganarsa ma kuwa tana iya zama gaskiya.

Da na mayar wa Baba kayarsa, na zaro allura daga ɗankwalina na ɗaura mata zare, na shiga farautar mayen ƙarfe. Na bi saman teburin cin abinci da ita tana lilo, kusurwa zuwa kusurwa. Na durƙusa na bi ƙarƙashinsa. Na gwada gidan tabaransa, da agogon hannunsa, da faifan da ake ɗora kwano, da 'yar fitilarsa mai caji. Rediyonsa kaɗai ya ja allurar, shi kuwa yana can kan kabad ba ya sauka. Baba yana zaune yana kallona, ya ce da ma tun ranar agogo ya san ƙarshena ke nan.

Sai kuma ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yayanki ya ce in haɗa kaya."

Ban taɓa jin Baba ya faɗi sunan Yaya ba. Ɗan fari ne, kuma Baba na mutanen da ne, ko magana zai yi masa sai ya bi ta kan wani: gaya wa yayanki kaza, tambayi yayanki kaza, ko da yana zaune a wurin. Musu da shi kuwa ba ya cikin lissafi. Na tambaye shi ko yana son tafiyar. Ya ce mangwaron tsakar gida ya kusa nuna, kuma wasiƙar kwalbati ba ta kammala ba. Bai ambaci maƙabartar da yake zuwa duk Juma'a bayan an sauko ba, ni ma ban ambata ba.

Ranar Laraba na ɗauki hutun kwana ɗaya na wuni a gidan, don in ga abin da idona. Da safe ya yi aiki a tebur. Aka kira Azahar, ya rufe ta ya fita. Ya dawo muka ci abinci, ya zauna a tebur ya buɗe. Ta yi aiki sumul. Ya buga layi biyu ya tsaya, ya gyara zama, ya waiga wajen falo, ya sake gyara zama. Can ya ce ya gaji, ya shiga ɗaki ya kwanta. Ni kuma na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗauko ledar magungunansa na duba ko yana sha daidai, na leƙa kicin na ga ko ya kashe gas, na tsaya ina karanta wasiƙar kwalbatin ina neman inda hankali ya kauce. Babu ko waƙafi da ya zauna ba a wurinsa ba. Duk da haka na koma gida na fara tunanin wace jaka zan haɗa masa.

Alhamis, biyu da rabi, ya kira.

"Ta sake."

"Baba, kada ka motsa. Kada ka taɓa komai. Zan kira ka ta bidiyo, ka danna koren kawai."

Ya danna. Na fara ganin goshinsa, sai hularsa, sai fankar silin. Na ce ya juya wayar ta kalli kwamfutar. Hoton ya yi ta yawo, ya wuce ta kan wani labule mai ruwan ƙasa, ya sauka kan maɓallan. Ya danna mini su ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ya fito. Karon farko ke nan da na gani da idona, sai da na ce alhamdu lillahi a fili. Amma hankalina ya tsaya kan labulen. Babu labule kusa da teburin cin abinci. Wannan na tagar falo ne, wadda kujerar Mama take ƙarƙashinta, kujerar da tun ranar rasuwa ban ga kowa ya zauna a kai ba, ko baƙo ya nufe ta sai Baba ya nuna masa wata.

Na ce ya ɗan ja wayar baya in ga gefen. Ya ja. Laftof ɗin a kan gwiwoyinsa take. Daga ƙarƙashinta wata igiyar fata ta saƙalo tana lilo, da ɗinkin baƙin zare a tsakiyarta inda ta taɓa tsinkewa.

Na san igiyar nan kamar yadda na san tafin hannuna. Jakar Mama ce ta makaranta, shimfiɗaɗɗiya, ta jar fata, wadda ta yi shekaru tana ratayawa zuwa firamaren da take koyarwa. Maɓallinta irin mai mannewa da kansa ne, in ta rufe sai ka ji ƙas. Ina yarinya nakan saci allurorinta in liƙa a jikinsa in ga sun tsaya da ƙafa ɗaya. Na ɗauka jakar ta tafi cikin kayan da aka rabar bayan arba'in.

Nan take komai ya jeru a kaina. Da safe tebur. Bayan Azahar, lokacin da Mama takan dawo daga makaranta ta zauna a kujerar nan tana duba littattafan yara, sai shi ya zauna a wurin, jakarta a cinyarsa, kwamfuta a kai. In ya ji an taɓa get, ya ce yana zuwa, ya ɓoye jaka, ya mayar da kwamfuta tebur, sannan ya zo ya buɗe. Sallamar da nake yi ita ce take gyara masa kwamfutar kullum.

"Kin gani?" ya ce.

"Na gani, Baba. Bari in yi tunani."

Na ajiye waya na shiga banɗakin ofis na yi kuka. Murna ce da tausayi da kunya suka haɗe mini. A gidanmu ban taɓa jin Baba ya kira sunan Mama ba, mahaifiyarku kawai yake cewa. Ranar da ta rasu ya karɓi gaisuwa ido a bushe, yana tambaya ko an kai wa baƙi ruwa. Mun ɗauka haka zuciyarsa take, ni har na ɗan riƙe shi da hakan. Yanzu ta yaya 'ya za ta dubi mahaifinta ta ce na ga kana rungumar jakar matarka?

Juma'a da yamma na je, na yi sallamata da ƙarfi, na ba shi lokacinsa. Muka zauna a tebur. Na kafa ido a kan kwamfutar na yi mata magana ita.

"Baba, na gano ciwonta. Mayen ƙarfe ne ba ta so. Duk abin da ke da maɓalli mai mannewa da kansa, in aka ɗora ta a kai, sai ta zaci an naɗe ta, ta kashe haruffanta."

Ya kau da kai. Can ya ce wa bango, "Zafi take yi a cinya."

"Ƙwarai, suna zafi."

Ya gyaɗa kai. Sannan a hankali ya ce, "Ke nan ba kaina ba ne."

"Ba kanka ba ne, Baba."

"Na fara tunanin ko yayanki yana da gaskiya."

Ban san shi ma yana tsoro ba sai a lokacin. Na ce masa gobe zan nuna wa Yaya da jakata, ba sai an taɓa komai na gidan nan ba. Ya rufe kwamfutar ya ce lokacin salla ya yi. Na so in gwada jakar tawa a take, amma an riga an rufe maganar, kuma na cika da jin kai na wanda ya ci jarrabawa.

Yaya ya iso da hantsi ranar Asabar, ya ce yana so su kama hanya kafin rana ta yi. Akwatin Baba yana bakin ƙofar ɗaki, a rufe. Ni kuma na zo da jakunkuna uku. Na yi bayani kamar malamar kimiyya, na nuna murfi, na nuna inda noti ke maƙalewa, na ɗora laftof a kan jakata ta ofis na ce ya danna. Ya danna, harafi ya fito. Na matsar da ita hagu, ya fito. Na juya ta, ya fito. Na kawo ta biyu, ta zuwa biki, mai duwatsu. Haka. Ta uku ma haka. Jakunkunan yanzu mayen ƙarfensu ɗan mitsitsi ne, an binne shi cikin soso da yadi, ko allura da ƙyar yake riƙewa.

Yaya bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce a tausashe, "Auta, kin yi ƙoƙari. Ni ma ba so nake ba." Ya dubi agogonsa, ya miƙe zai ɗauki akwatin.

Sai Baba ya tashi. Ya taka zuwa kujerar da ke ƙarƙashin taga, ya ɗaga matashinta, ya zaro jakar. Bai dubi kowa ba. Ya zo ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya shafe ta da tafin hannu sau ɗaya, ya ɗora kwamfutar a kai. Sannan ya juya ya fuskanci Yaya, shi kansa, ba ta kaina ba.

"Danna," ya ce.

Yaya ya danna. Shiru. Ya shafa yatsa, kibiya ba ta motsa ba. Ya taɓa gilashin, haruffa suka fito a jere. Ya ɗaga kwamfutar daga kan jakar ya danna, harafi ya fito. Ya mayar, shiru. Sau uku ya yi haka, a na ukun kuma ba kwamfutar yake kallo ba. Yatsansa yana kan ɗinkin baƙin zaren.

"Ta makaranta ce?" ya tambaya.

"Ita ce," in ji Baba.

Yaya ya ce bari ya ɗauko wani abu a mota. Ya fita ya daɗe, ya dawo hannu wayam, idonsa ja. Ya ce ai cekof ko a nan Kaduna ana yi, in nemi ranar da zan raka Baba. Ya ɗauki akwatin da kansa ya mayar ɗaki.

Ni kuwa halina bai bar ni ba. Tun suna tsaye nake kallon jakar ina auna kaurinta. Na ɗaga kwamfutar, na kifa jakar, maɓallin ya koma ƙasa, bayanta mai santsi ya kalli sama. Na mayar da kwamfutar na danna. Harafi ya fito. Na rufe ta, na ƙirga ashirin, na buɗe. Kibiya ta bi yatsana.

"Baba, in aka juya ta haka, shi ke nan."

Ya dubi jakar a kife na ɗan lokaci.

"Haka ma take riƙe ta," ya ce. "Maɓallin a jikinta, saboda 'yan sane a kasuwa. Kullum sai na ce mata wa zai saci jan biro."

Yaya ya yi wata 'yar dariya da ba ta fita daidai ba. Ni ban iya ba. Wannan ne karo na farko da Baba ya ba mu labarin wani abu nata.

Aka kira Azahar suka tafi masallaci tare, na zuba abinci. Bayan mun ci, Baba ya wanke hannu, ya ɗauki jakar da kwamfutar ya nufi kujerar ƙarƙashin taga, muna zaune muna kallo. Ya zauna, ya kifa jakar a cinyarsa, ya buɗe. Ya ce mu rage surutu, saura sakin layi ɗaya a wasiƙar kwalbati, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Sai ya ɗora yatsunsa goma.